Daga Gombe zuwa Ngaundare a Mota Mai Ɗaki: Abin da Hawan Mbe Ya Jawo

Motar tsohuwar Toyota Hiace ce, wadda ta sha aikin haya kafin wani ɗan kasuwar hatsi na Tudun Hatsi a Gombe ya saye ta. Shi ba don lodin fasinja ya saya ba. Ya sa aka cire kujerun baya, aka bar layi ɗaya, mai walda ya ƙera gadon ƙarfe aka ɗora katifa, ƙarƙashin gadon ya zama ma'ajiyar kaya. A gefe aka kafa ƙaramin rishon gas da jarkokin ruwa, a kan rufi kuma farantin sola mai cajin waya da kunna fitila. A Turai kamfanoni ne ke ƙera irin wannan mota, mutum ya kwana a ciki, ya dafa a ciki, yana yawon ƙasashe. A Gombe dabarar Alhaji mai motar ce da mai waldarsa, don ya huta da neman masauki idan ya shiga kasuwannin ƙauye sayen masara da wake.

A ƙarshen 2024 goron gayyata ya iso daga Kamaru: autan Goggonsu, wadda aure ya kai Ngaundare tun Alhaji yana yaro, zai angwance. Su huɗu suka shirya: Alhaji, ƙanensa malamin sakandare, ɗansa ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe, da direba. Kafin tafiya an kai motar gareji. Direba ya faɗa wa makanike cewa allurar zafi takan ɗaga in an yi lodi, ya kuma nuna wata robar ruwa da ta fara kumbura kusa da lagireto. Makaniken ya juye baƙin mai, ya ɗaure bakin robar da waya, ya ce babu inda ba za ta kai su ba. Direba ya so a sauya robar da famfon ruwan injin gaba ɗaya. Alhaji ya dubi kuɗin biki da ke gabansa, ya ce a bari sai an dawo.

Bayan sallar asuba suka fita ta Mil Uku, hazon hunturu ya rufe gari. A Kumo suka karya da shayi da ƙosai. Daga Billiri zuwa Kaltungo duwatsun ƙasar Tangale suka yi ta bayyana cikin hazo, ɗalibin yana nuna wa baffansa mashigar asibitin nan da ake kawo waɗanda maciji ya sara daga jihohi da dama. Bayan Cham hanya ta gangara kwarin Binuwai, gonakin raken kamfanin sukari suka fara, har Numan, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai. Ruwan da ya ratso madatsar Dadin Kowa ke nan yake gamuwa da wanda ya gangaro daga Kamaru. Motar ba ta yi ko tari ba har Jimeta, kowa ya manta da zancen roba.

A Jimeta suka kwana gidan wani abokin cinikin Alhaji, a nan kuma suka fara sanin cewa ƙasar waje za su. Wurin 'yan canji, sefa dubu ɗaya ta haura naira dubu biyu. Alhaji ya tuna lokacin da ya je Garwa shekaru goma da suka wuce, sefa dubu ba ta kai naira ɗari huɗu ba, ɗan Najeriya yana shiga kasuwa yana taƙama. Sefa ɗaure take da yuro, kowace yuro ɗaya sefa 655.957, don haka duk faɗuwar da naira ta yi tun daga 2023 a aljihun matafiyi take sauka. Ɗan canjin ya ƙara musu da gargaɗi: sefar Nijar da ta Kwatano daban, ta Kamaru da Chadi daban, bankunan da ke buga su ma daban ne, kada wani ya cusa musu wadda mai shago zai ƙi karɓa.

Washegari suka haye gadar Jimeta, suka bi ta Girei, suka karkata zuwa Belel a kan hanyar da ƙura da gargada suka fi kwalta yawa. Aikin iyaka bai ja dogon lokaci ba. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara, amma Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka inshorar yankin Afirka ta Yamma ba ta aiki a can. Aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, aka yi wa mota takardar shiga ta wucin gadi da sabuwar inshora, suka wuce ta Gashiga zuwa Garwa.

Mutumin Gombe ba ya jin baƙunta a Garwa. Da ya buɗe baki da Fulatanci an gama, in ya juya Hausa ma akwai mai amsa masa a kowace rumfa. Ba abin mamaki ba ne: tutar da Buba Yero ya karɓo ya kafa Gombe da wadda Modibbo Adama ya karɓo ya kafa Fombina duk daga hannun Shehu Usmanu suka fito, kuma Garwa tana ƙarƙashin Yola har zuwan Jamusawa a 1901. Garin Ahmadu Ahijo ne, shugaban Kamaru na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, an kuma ga alamar haka a faɗin tituna da filin jirgin sama. Ɗalibin ya matsa sai da aka bi da shi ta filin wasa na Rumde Ajiya, inda Super Eagles suka ci Masar da Sudan da Gini Bisau a watan Janairun 2022, sannan Tunisiya ta fitar da su da ci ɗaya.

Abin da ya tsaya wa Alhaji a rai daban ne. Manyan motocin Sodecoton ne ke shigowa gari maƙare da farar auduga, ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin, wanda aka kafa a 1974, hedikwatarsa a Garwa take, shi ke ba manomi iri da taki bashi, shi ke saye in an girbe. Mahaifin Alhaji da kuɗin auduga ya gina gidansu, lokacin da Gombe ke cikin manyan cibiyoyin auduga na Arewa. Yau yaro a Gombe ya san BCGA a matsayin sunan unguwa, da wuya ya san cewa sunan kamfanin gurzar auduga ne. Ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, manoma 'yan'uwan juna, amma can an riƙe sana'ar, nan an sake ta. Abin takaici ne, kuma ba laifin manomi ba ne.

Gidan mai ya sake tuna musu da naira. Tun Fabrairun 2024 gwamnatin Kamaru ta kai litar fetur sefa 840, wato sama da naira dubu biyu a lokacin, alhali a Gombe sun sha a dubu ɗaya da ɗoriya suna ƙorafi. A bakin titi ga 'yan zuwa-zuwa da kwalabe, masu sayar da man da aka tsallako da shi daga Najeriya. Kasuwarsu ta ragu tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, amma ba ta mutu ba. Direba ya ƙi yarda a zuba na kwalba, ya ce bai san abin da aka gauraya ba.

Da dare suka ci gasasshen kifin Binuwai da barkono da dogon burodin nan na Faransawa mai ɓawo, wanda ƙanen Alhaji ya ce yana kankare dasashi amma da shayi babu kamarsa. Niyyarsu su kwana a mota kusa da wani masallaci a unguwar Yelwa. Bayan isha wani dattijo ya ga lambar Najeriya, ya tambayi daga ina, da ya ji Gombe sai ya ce kakarsa 'yar Nafada ce. “Alhaji, baƙo ya kwana a titi ina da zaure? Ba a garin nan ba.” Manya biyu suka kwana a zaure, direba da ɗalibi a mota cikin harabar gidan. Da safe aka fito da kunun gyaɗa da ƙosai, aka kira maƙwabta a gaisa, aka tsaya lissafin dangi. Sun so barin Garwa da sassafe, sai da hantsi ya dubi ludayi suka haye gada.

Tsakanin Garwa da Ngaundare kusan kilomita 280 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya. Sun wuce mararrabar Lagdo, madatsar da aka gama a 1982, wadda in aka saki ruwanta mutanen Yola da Numan da Makurɗi da Lokoja suke kwana da fargaba, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Suka wuce Ngong da kasuwarta ta hatsi, inda Alhaji ya leƙa ya tambayi farashin buhun masara don kwatance. A kowane shingen karɓar kuɗin hanya sefa 500 ake biya a ba ka tikiti. Jandarmomi kan tsayar da su, su duba takardu ɗaya bayan ɗaya, su leƙa gadon da ke cikin motar su yi tambaya, su sallame su. Hanyar ta bi gefen gandun dajin Binuwai, birai suna zaune a bakin kwalta suna kallon motoci. Ramuka kuwa ba su da bambanci da na gida.

Bayan garin Mbe ƙasa take tashi tsaye. Garwa tana kwance a kwarin kogi, Ngaundare tana bisa tudun Adamawa sama da mita 1,000, kuma mafi yawan hawan a wuri ɗaya aka tara shi, hanya tana nannaɗe dutse, kwana bayan kwana. Direbobin tirela sun san wurin sarai, don nan ne injin da birki ke nuna gaskiyarsu. Su Alhaji sun iso shi rana tsaka, mota cike da buhunan shinkafa da masarar gudummawa, suna bin bayan wata tirela da giya ta ɗaya, babu iskar da za ta ratsa lagireto. Allura ta haye ja. Kafin direba ya sami wurin rakuɓewa sai suka ji fus, tururi ya turnuƙe ƙarƙashin kujerar gaba, inda injin Hiace yake. Robar nan ce ta fashe daidai inda aka ɗaure ta da waya.

Da a nan aka tsaya, da gyaran bai wuce na sabuwar roba ba. Amma hankali ya tashi, ana tunanin yamma da labarin 'yan fashin hanya da mutanen yankin ke kira zargina. Direba ya naɗe robar da tsohon tib, ya ɗauko jarka ya tuttula ruwan sanyi cikin injin da ke ƙuna. Mota ta tashi, ta yi 'yar tafiya, farin hayaƙi ya biyo salansa, ta mutu. Da aka zaro sandar gwada baƙin mai, sai ga shi ya koma kalar shayi da madara.

Ɗalibin ya karyo ganye ya jera a kan kwalta, alamar da kowane direba daga Dakar har Yawunde ya gane. Wanda ya fara tsayawa wani direban tirela ne ɗan Chadi, yana gangarowa da kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare. Da Hausarsa mai gauraye da Larabci ya duba sandar, ya girgiza kai. “Malam, gaskit ya ƙone. Kada ka sake murza makulli, in ba haka ba injin zai buga.” Ya bar musu ruwan sha, ya kira wani mai akori-kura da ya sani, aka ja su da igiya zuwa wani ƙauye a gindin hawan.

A daren nan motar ta biya kuɗin waldarta. Jauron ƙauyen ya sa aka tura ta ƙofar gidansa, ya ce nan babu mai taɓa su. Mutanen yankin Mbe Duru ne, manoman doya, doyarsu kuma ta yi suna a duk arewacin Kamaru. Matar jauro ta aiko da dafaffiya da miyar yakuwa, su kuma suka kunna risho suka dafa shayi, aka zauna da samarin ƙauye ƙarƙashin fitilar sola, wayoyin rabin unguwa suna caji a jikin motar. Da safe Alhaji ya miƙa wa jauro kuɗi, ya ƙi karɓa. Sai da aka sauke masa tiyar shinkafa da sunan tsarabar yara sannan ya amsa.

Mai janwen da zai ja su zuwa Ngaundare kuwa ba jauro ba ne. Ya ga lambar waje, ya ga babu zaɓi, ya yanka kuɗin da in aka juya shi naira ya isa man zuwa Abuja daga Gombe. Sai da mijin Goggo ya yi magana da shi ta waya, da Fulatancin gari da sunayen mutanen da suka sani tare, kuɗin ya sauko kusan rabi. Baƙon da ba shi da ɗan gari a irin wannan ciniki, ya shirya biyan kuɗin baƙuntarsa.

Garejin da aka kai su a Ngaundare bai bambanta da na Gombe ba a ido: ƙasa baƙa da mai, gawarwakin motoci, yara masu koyo suna wanke noti a cikin fetur. Gaisuwa ta tafi daidai, amma da aka zo sunayen kayan mota sai aka tsaya cirko-cirko, don direban Gombe daga Ingilishi ya gaji nasa, makaniken Ngaundare daga Faransanci. Aka koma nuni da yatsa. Maigidan garejin, wanda yaransa ke kira patron, bai yi gaggawa ba. Ya sa aka kwance top ɗin injin, ya ɗora ƙarfen awo a fuskarsa, ya haska tocila ta ƙasa, ya kira Alhaji ya ga hasken da ke ratsowa. Top ɗin na alminiyum ne, zafi ya buɗa shi, ruwan sanyi ya ɗame shi farat ɗaya, ya lanƙwashe. In aka ɗora sabon gaskit a haka, ba zai kai Garwa ba zai sake ƙonewa. Dole a kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su goge fuskar ta daidaita, a gwada ko ya tsage. Ya kuma nuna musu famfon ruwan da fukafukansa suka cinye da tsatsa, da lagireto da ya toshe da laka saboda shekaru ana zuba masa ruwan rijiya. Na'urar da ke daidaita zafin injin ma babu ita, an cire tun tuni, kamar yadda makanikai da yawa a Najeriya ke yi wa kowace motar da ta shigo hannunsu. Robar da ta fashe ita ce ƙarshen ciwon, ba farkonsa ba.

Wurin sayen kaya mai shagon Ibo ne, da ya ji Gombe ya washe baki ya ce ɗan'uwansa yana da shago a can. Sana'ar kayan mota a Kamaru, tun daga unguwar Camp Yabassi ta Duwala har arewa, 'yan Najeriya suna da babban hannu a cikinta, kaya da yawa kuma ta Onica da Nnewi suke biyowa. Ya jera gaskit iri uku a kan kanta: na kamfani, mai bi masa, da wanda shi da kansa ya ce ba zai sa wa motarsa ba. Alhaji ya miƙa hannu wajen na tsakiya. Ƙanensa ya riƙe shi. “Yaya, arahar nan ce ta kwanar da mu a ƙauye.” Aka ɗauki na kamfani. Kayan da watakila ta Najeriya suka ratso, ga shi ana biyansu da sefa, kusan ninki biyu na abin da za a biya a gida.

Sefar da aka canzo a Jimeta ta ƙare a nan. Katin banki na naira bai yi aiki ba, don a lokacin yawancin bankunan Najeriya sun dakatar da amfani da shi a waje. Hanyar da 'yan kasuwa suka saba ita ta fisshe su: yaron shagon Alhaji a Gombe ya tura naira asusun wani ɗan canji a Mubi, abokin hulɗarsa a kasuwar Ngaundare ya ƙirgo sefa ya miƙa, babu takarda, sai amana da kiran waya. Makaniken ma ta Orange Money ya ce a biya shi rabi.

A garejin suka tarar da wasu Turawa biyu, mata da miji, da tasu motar mai ɗaki ta kamfani, har da firji da banɗaki. Sun ratso Najeriya ta Gembu suka shigo ta Banyo, hanyar da irinsu ke bi tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya sa ta kudu ta zama haɗari. Motarsu sabuwa ce, kwamfuta ke sarrafa injinta, wata 'yar na'ura ta mutu, babu irinta a gari, suna jiran a aiko daga Turai ta Duwala. Sun riga su Alhaji zuwa, kuma su Alhaji suka bar su a can. Tsohuwar Hiace ba ta da firji, amma duk garin da ke da tasha a wannan yanki akwai wanda ya san cikinta, akwai kuma shagon da ke da kayanta.

Kwanakin jiran gyara suka zama na biki. Goggo ta yi kuka da ta ga 'ya'yan ɗan'uwanta, ta yi musu faɗan tahowa da tsohuwar mota, ta cika su da tuwo da nono da zuma. Ngaundare gari ne mai sanyi da bishiyoyin mangwaro, ƙasarsa ja, dare kuma sai da bargo. Asalinsa na Mbum ne kafin Fulani su kafa lamidanci a wajen shekarun 1830, kuma zaurukan fadar Lamiɗo masu rufin ciyawa suna nan ana shiga kallo. Suka je tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogon da ya iso garin a 1974, suka ga jirgin dare mai zuwa Yawunde yana lodi, da ɗakunan kwana a cikinsa. Malamin makarantar ya yi shiru, don Gombe ma tana da tasha a kan layin Maiduguri, sai dai an daɗe ba a ji kukan jirgi a cikinta ba. Nama a nan ya fi na gida araha in aka dubi kyansa, ƙasar shanu ce, kilishinta kuma har Duwala ake tsaraba da shi.

Patron ya ɗaure top ɗin da sifana mai awo, noti bayan noti daga tsakiya zuwa gefe, abin da direban ya ce bai taɓa ganin an yi wa motar ba. Ya sa aka juye baƙin mai sau biyu, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan sanyaya inji na gwangwani. Bai karɓi cikon kuɗinsa ba sai da ya shiga motar da kansa aka gangara hawan aka sake hawowa, idonsa a kan allura. Da aka haɗa janwe da kaya da ladan aiki, kuɗin ya fi gudummawar da Alhaji ya kai wa ango, ya kuma ninka abin da direba ya nema a Gombe sau da yawa.

Komawa gida ba ta zo da matsala ba, ban da faci ɗaya kusa da Ngurore. Mai shirin bin wannan hanya da motarsa daga Gombe, ya sauya robobin ruwa da fanbel tun a gida, ya riƙe na safaya da gaskit na kamfani a ƙarƙashin kujera, ya canji sefar da ta wuce lissafinsa, ya karɓi lambar wani ɗan gari a Garwa da Ngaundare. Ya bar Garwa da asuba ko da mai masauki ya roƙe shi ya tsaya karin kumallo, don ya hau dutsen Mbe kafin rana ta take. In kuma allura ta haye ja, ya kashe mota ya jira ta huce da kanta kafin ya kusance ta da jarka.